Amshin da Ban Yi wa Inna ba

Shekara biyu da wata huɗu Inna ta yi a kwance a gidana a Makarfi, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya fita yana shi mini albarka. Suna da hujjarsu. Ɗakin ba ya wari, zanen gado kullum wankakke, bayanta bai taɓa salewa ba don ina juya ta a kan kari, kuma na iya dama mata kunun gyaɗa daidai kaurin da ba zai shaƙe ta ba. Har kwatance ake yi da ni a unguwa, a ce wa 'yan mata su je su ga yadda ake riƙon uwa. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce ai wajibi ne, alhali a ciki kaina ya kusa taɓa rufi. Yau idan wani ya tuno mini da wannan yabo, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, domin na san abin da na yi wa matar nan a cikin wannan ɗaki mai ƙamshin turaren wuta.

Inna zabiya ce. A ƙauyenmu da ke wajen Gubuchi, idan ana biki ko suna, ita ake kira. A kife ƙwarya a cikin babban baho mai ruwa, a kawo 'yan sanduna, mata huɗu su zauna suna kiɗa, ita ta miƙe ta bayar da waƙa su kuma suna amsawa. Har Paki ake zuwa ɗaukarta, har ƙauyukan Kudan. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba, amma a tsaye za ta dubi amarya ta ɗinka mata waƙa daidai jikinta. Mutane na son abin. Ni kam tun ina ƙarama na tsane shi. A makaranta, da mun yi faɗa da wata yarinya, ba sai ta wahalar da kanta neman zagi ba, 'yar zabiya kawai za ta ce, ta buga cinya sau biyu, shi ke nan an gama da ni.

Akwai kuma abu na biyu. Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba sassauci. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko sau ɗaya. Idan tana so na, sai ta ce "ke", idan tana maganata da wani, sai ta ce "waccan". A wurin kakata ta wajen uba na yi wayo, sai da na shekara bakwai aka mayar da ni ɗakinta. Idan wata ta yabe ni a gabanta, sai ta kawar da kai ta kama zancen tsadar manja. Ranar da aka zo da labarin na ci jarrabawar shiga kwalejin horar da malamai, tana tankaɗe, ta ce "a to", ta ci gaba da tankaɗenta. Na san al'ada ce, kowa ya sani, ba ni kaɗai aka yi wa ba. Amma sanin bai hana abin ya ci ni ba, musamman da nake ganin ta a tsakiyar fili tana zuba wa 'ya'yan wasu kirari kamar ita ta haife su.

Da na yi aure na zama malama, na fara jin kaina, sai na tura ƙanena ya gaya mata girma ya zo, ya kamata a bar kiɗan nan haka. Ban ma iya zuwa da kaina ba. Ba ta yi musu ba. Ta kife ƙoren kiɗanta a bayan rumbu, kaji suka riƙa hawa kansu. Na ɗauka na yi aikin lada.

Da kaka ciwon ya same ta. Tana shanya barkono a tsakar gida ta faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙannena maza ne, ɗaya na Kaduna, ɗaya na fama da gona, ni ce kusa da asibiti, don haka gidana aka kawo ta, maigidana ya bar mana ɗakin da ke kusa da rijiya. Hannu da ƙafa ba su dame ni kamar baki ba. Magana ta ɗauke ɗungurungum, kalma ɗaya tak ta rage mata, "to". Za ki sha kunu? To. Akwai inda ke miki ciwo? To. Amma idonta ras yake, tana jin komai tana gane komai. Ni na fi kowa sanin haka, domin idan ƙanena ya zo yana zuba ƙaryar yawan buhunan masarar da ya samu, ina ganin yadda take harararsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne salati. Kullum bayan na yi mata alwala sai in zauna in riƙa lanƙwasa mata kalma ɗaya ɗaya, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta buɗe baki, leɓe na rawa, ta yi ta kokawa, a ƙarshe "to" ɗin nan ce za ta fito, sai hawaye. Ni ma in tashi raina a ɓace.

Wata na uku, wata safiya ina wanke mata zannuwa a bakin rijiya, maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta fara daka. Taɓarya na sauka a hankali, bugu bayan bugu. Sai na ji murya daga ɗaki. Na ɗauka rediyo ne. Da na leƙa, Inna ce, tana buga ƙarfen gado da hannun hagu daidai da saukar taɓaryar, tana waƙa. Muryar ta dishe, bakin a karkace, amma kalmomi ne sosai, ɗaya na bin ɗaya. Na shiga da kumfa a hannu.

"Inna, bakin ya buɗe? Ki ce ruwa. Ce ruwa, Inna."

Ta dube ni ta ce, "To."

Da na gaya wa matar da ke zuwa yi mata gashin ƙashi, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta sha ganin haka, wani lokaci hanyar magana ta toshe amma ta waƙa tana nan. Ta ce, "Malama, wannan ai samu ne. Ki bar ta ta yi ta yi, ki ma riƙa taya ta. Ta nan za ta riƙa huce abin da ke cikinta." Na ce to, in sha Allahu. A zuci na ce ji wannan, tsohuwa ƙafa ɗaya a kabari, a ce in zauna ina taya ta waƙar biki.

Daga ranar kusan kullum sai ta yi. Kuma ba ta yin ta a miƙe. Sai ta ba da layi ɗaya, ta tsaya, hannun na ci gaba da bugun ƙarfe, ta bar gurbi daidai tsawon amshi, sannan ta ɗora na gaba. A cikin wannan gurbi take juyo ido ta dube ni. Ba zan ce ban gane ba. Na girma a gidan zabiya, na san waƙarta ba ta mutum ɗaya ba ce, sai da mai amsawa. Ina ninke kaya, ina share ƙasa, ina duba waya, komai ma ina yi ban da in ɗaga kai. Idan abin ya yi tsawo sai in ƙara muryar rediyo don kada maƙwabta su ji. Ban taɓa tsayawa na saurari abin da take faɗi ba. Da kiɗan ya shigo kunnena sai in rufe, yadda na saba tun ina 'yar firamare.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar shugabar makarantarmu ta zo dubiya da malamai mata biyar. Tun safe nake shiri. Na canza labule, na ɗaura wa Inna sabon kallabi, na shafa mata kwalli. Suka zazzauna a kan tabarma aka yi ta gaisuwa, suna tambayar Inna ya jiki, ina amsa mata da sauƙi, alhamdu lillahi, kamar yadda mai jinya ke yi. Shugabar, dattijuwa ce mai nutsuwa wadda nake jin nauyinta ƙwarai, ta matsa kusa da gado ta kama hannun Inna.

"Inna, sannu. Kin haifi 'ya, wallahi. Duk makarantar nan babu kamarta, ga shi a gida ma haka. Allah Ya ba mu masu yi mana irin wannan."

Inna ta dube ta, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni. Sai na ga hannun hagun ya nufi ƙarfen gado. Ta buga sau huɗu, ta ɗaga murya fiye da yadda ta taɓa yi tun da ta kwanta:

"Ta zo da ruwan fari, gero na tsiro,
ku kalla mini ita, ni ba na kallo."

Ta tsaya, ta bar gurbin nan, tana kallon matan. Ɗakin ya yi tsit. Wata ƙaramar malama, sabuwar ɗauka, ta sa gefen hijabi ta rufe baki. Har yau ban san ko dariya take ɓoyewa ko kuka ba, amma a lokacin na yanke cewa dariya ce. Na ji ni a filin makaranta, ana buga mini cinya. Inna ta ja numfashi za ta ɗora, na zabura na ɗauki tsumman da nake goge mata yawu, na dafe mata baki da shi kamar gogewa nake yi. Ba gogewa nake yi ba. Na danna, har na ji ɗumin muryarta a tafin hannuna.

"Inna, ki yi shiru mana, baƙi ne."

Da ma a nan na tsaya. Sai na juya wurin matan da murmushi na ce, "Ku yi haƙuri, ciwon ya taɓa mata kai. Ba ta san abin da take yi ba."

A gabanta na faɗa, ita da na san tana jin komai. Shugabar ta ce haba, ba komai, ai lalura ce. Aka yi addu'a aka shafa. Na raka su har bakin titi ana ta sa mini albarka. Da na dawo, Inna ta juya fuska bango iyakar yadda wuyanta zai iya, tsumman na nan a kan ƙirjinta inda na yar da shi.

Daga ranar ba ta sake waƙa ba. Maƙwabciya za ta yi dakanta ta gama, ɗakin shiru. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗi, makon farko daɗi na ji, na ce an rabu da abin kunya. Sai cin abinci ya ragu. Kunun da take shanye kofi guda, yanzu cokali biyar ta datse baki. Na kai ta asibiti aka auna, aka ce jinin lafiya lau. Mai gashin ƙashi ta tambaye ni ina waƙar, na ce ta daina don kanta.

Ana nan bayan kamar wata biyu sai ga Gwaggo daga ƙauyen Taba. Ba 'yar'uwar Baba ba ce, ƙawar Inna ce tun suna amare, kuma ita ce babbar 'yar amshinta fiye da shekara ashirin kafin aure na biyu ya kai ta can. Ta tsufa tukuf, tana dogara sanda, ta zo da ƙullin mazarƙwaila a bakin zane. Ba ta jira na gama gaishe ta ba ta wuce ɗaki, ta zauna a bakin gado ta ce, "Ke kuma haka za ki yi mana? Ki kwanta ki bar mu da 'yan zamani masu waƙa da hanci?" Inna ta kama hannunta ta riƙe gam, ta ce "to", hawaye na bin kunnenta.

Da muka fito tsakar gida ina zuba mata fura, ta ce, "'Yar nan, ba ta cewa komai ke nan?"

Na ce babu, sai dai kwanakin baya ta ɗan riƙa waƙe-waƙe, amma ta bari.

Ta ajiye ludayi. "Wace waƙa?"

Na ce ni ban san su ba. Sai dai guda ɗaya da ta maƙale mini, na maimaita mata layi biyun nan da baki, ba da rerawa ba.

Gwaggo ta ce, "A gabanki ta yi wannan?"

"A gabana, da baƙi."

"Su wa?"

Na gaya mata, har da abin da shugabarmu ta faɗa kafin nan.

"Sai aka amsa mata?"

Na kama tattara kwanuka. Ta sake tambaya. Ban san abin da ya sa ba, wataƙila don ba wanda ya taɓa tambayata, sai na gaya mata duka, da tsumman, da maganar da na yi. Ina jiran ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin. Sai ta ture kwanon furar gefe ta gyara zama.

"Wannan waƙa ba ta biki ba ce. Ba a taɓa yin ta a fili ba, ba wanda ya taɓa jin ta sai mu huɗu. Taki ce. Da ruwan farko aka haife ki, an yi shuka da kwana shida. Ranar sunanki tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ko ɗaukarki ba ta isa ta yi a gaban mutane ba. Da ta yi arba'in muka je fadama tsinkar ganyen miya, a can ta fara rera mana ita. Ta ce tunda an hana ta kallonki, mu mu kalla mata." Ta share baki da gefen mayafi. "Ranar da kika ci jarrabawar nan, ba ta aika aka kira ni ba? Muka shiga ɗaki muka sa sakata, muka yi ta yi ƙasa-ƙasa har ta dishe. Ranar da aka kai ki ɗakin miji ma haka. Kullum sai ta ƙara mata baiti. Ta kai baiti talatin."

Na ce, "Gwaggo, ban sani ba."

"Ina za ki sani? Shekara arba'in tana ɓoye miki ita. Rana ɗaya da ta fito da ita a gabanki, kika toshe mata baki."

Daga nan sai ta miƙe. Ta ce in kawo mata baho da ruwa da ƙwarya. Ƙwaryar da nake auna gari da ita na juye na ba ta, ta karyo tsinken dalbejiya biyu masu kauri, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na tsaya a bakin ƙofa ta waje. Ta daɗe tana kiɗa ita kaɗai tana tsokanar Inna, tana ce mata raguwa. Can sai na ji ƙarfen gado ya amsa. Sannan muryar ta fito. Da sunan Allah ta fara, ta bi da salatin Annabi cikakke, kalma bayan kalma, ba gargada. Abin da na yi wata da watanni ina ƙoƙarin ciro mata da ƙarfin tsiya, ashe da shi take buɗe waƙoƙinta na fili, kuma kullum tana yin sa a gidana ina ƙara muryar rediyo. Na zame na zauna a ƙasa a wurin.

Sun yi waƙa uku ko huɗu, ta daɓe, ta amare, wata ta tsiya da suke yi wa wani mai awo, har na ji Inna na wata irin dariya ta gefen baki. Na ga abin ya yi daɗi, na ɗaga labule na shiga a hankali. Tana ganina ta tsaya a tsakiyar layi. Hannun ya sauka daga kan ƙarfe. Gwaggo ta ci gaba da kiɗa ta ce, "Ɗora mana, ai 'yarki ce." Inna ta lumshe ido.

Kwana uku Gwaggo ta yi, kuma haka aka yi ta yi. In ina waje, a yi waƙa. In na shigo, a yi shiru. A kwanakin nan Inna ta koma shanye kununta. Ranar da Gwaggo za ta tafi na raka ta tasha, muna jiran mota ta cika na roƙe ta ta koya mini amshin waƙar. Ta dube ni sheƙeƙe, ta ce malama guda da amshin zabiya? Sannan ta rera mini a hankali. Gajere ne, ko yaro zai riƙe:

"Mun kalla miki, ta yi kyau,
mun kalla miki, ta isa."

Baitocin kuwa ta ce ba za ta ba ni ba, ba nata ba ne.

Wata goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya bayan wannan. Kowace safiya idan maƙwabciya ta fara daka, sai in ajiye abin da nake yi in zauna a bakin gadonta, in kife ƙwaryar garin nan a baho, in yi kiɗan da ban iya ba. In bar gurbin layinta, in yi amshi, in sake barin gurbi, in sake amshi. Muryata ba ta da daɗi, ban gado ta ba. Maigidana ya ji, maƙwabta sun ji, wata ma ta tambaye ni ko lafiya, ban damu ba, sai dai rashin damuwar ya zo a makare. Inna takan zuba mini ido har in gama. Wasu ranakun yatsunta na motsi a kan zane daidai da kiɗan. Amma ba ta taɓa cike gurbin ba. Baiti talatin aka yi mini, layi biyu na ji, su ma na katse.

Ranar sadakar uku shugabarmu ta zo, ta sake gaya wa mata irin riƙon da na yi wa uwata. Gwaggo na gefe tana ɓare goro, ba ta ɗaga kai ba. Na so in miƙe in faɗa musu, ban iya ba, shi ya sa nake rubutawa yanzu.

Na nemi gafararta, kada a ce ban nema ba. Mako guda bayan tafiyar Gwaggo, na gama yi mata wanka na shafa mata mai, na durƙusa a gaban gadon na kama hannun mai lafiyar. Na ce, "Inna, na san kina ji na. Ƙarya na yi, kanki lafiya lau yake, nawa ne ba daidai ba. Ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka haife ni, ido cikin ido ba kawar da kai. Leɓenta ya yi ta rawa. Sannan ta ce, "To."

Haka take ce wa kunu, haka take ce wa mai allura, haka take ce wa ƙanena idan yana zuba mata ƙarya. Shekara huɗu ke nan ina juya wannan "to" ɗin, ban san wacce ta ba ni ba.